Abin da Yaya Ta Roƙa Mini

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da 'yarki da jikokin nan naki masu hana ki hutu. Yaya gwiwar? Mu nan lafiya lau, Maman yara da yaran duk suna gaishe ki.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina, ni da ban taɓa rubuta miki ko layi ɗaya ba tun da aiki ya kai ki nesa. Dalili shi ne an hana ni magana. Dishewar nan da kika yi ta yi mini faɗa a kanta a waya, ashe wani ɗan ƙari ne ya fito mini a maƙogwaro, daidai inda murya take fita. An yi mini aiki an cire shi, har na dawo gida. Likita ya ce in kulle bakina sai ranar da ya ba ni izini, ba magana, ba raɗa, ko gyaran murya ma kada in yi. Da Maman yara ta tambaye shi batun waƙa, kallonta kawai ya yi ta saman tabarau. Saƙon waya kuma na san ba kya karantawa, kin ce rubutun kamar tururuwa yake miki.

Da ma kin zo kin ga gidan. Maman yara ta ce tun da ta aure ni ba ta taɓa kai ƙarshen zancenta ba sai yanzu. Ta ba ni cokali da kofin ƙarfe in riƙa bugawa idan ina neman wani abu. Ƙaramar 'yata kuwa ta samu dama. Sai ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, zan je gidan ƙawata, in ba ka ce a'a ba ka yarda ke nan," kafin in laluɓo cokalin ta kai titi.

Makaranta sun ba ni hutu, wani malami yana riƙe mini ajina. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙungiyar mawaƙa. Kin san an kusa gama sabon ginin cocinmu, kuma ni na tsara waƙar da za a rera ranar buɗewa. Tun bara nake koya musu ita, akwai wani wuri a tsakiya da ni kaɗai zan ja sama kafin su karɓa. Yanzu wata baiwar Allah mai ɗinki, wadda take jan muryar mata, ita ke riƙe da su kafin in warke.

Yaya, ke kika goye ni a gidanmu, na kuma san addu'arki ba ta wasa ba ce. Ki roƙa mini Allah ya dawo mini da muryata kafin ranar. Abin da nake nema ke nan.

Ƙaninki.

*

Zakaran gidanmu,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka. Takardarka ta iso, direban motar da take zuwa garinku ya kawo mini har ɗakin wanki na asibitin da nake aiki. Lafiyata ƙalau. Gwiwa tana nan da halinta, idan na daɗe a tsaye sai ta tuna mini da shekaruna. 'Yata ta saya mini wata doguwar kujera don in riƙa guga a zaune, amma hannu ba ya danna dutsen guga yadda ya kamata sai mutum yana tsaye, don haka kujerar ta zama wurin ajiye jakata.

Na yi dariya har abokiyar aikina ta leƙo ta ga ko lafiya. Wai kai aka hana magana! Kai da muna yara ba a buƙatar agogo a gidan, tun gari bai waye ba ka hau kan rijiyar tsakar gida kana rera abin da ka ji a coci, har maƙwabta suka sa maka sunan da ya bi ka. Ka gaya wa ƙanwata Maman yara ta more wannan lokaci, ta faɗi duk abin da ta tara.

Amma ka ji ni da kyau. Ka bi maganar likita. Na san ka, za ka shiga banɗaki ka rufe ƙofa ka ɗan gwada ka ji ko tana nan. Kada ka gwada. Ka sha ruwan ɗumi, ka bar mai sanyi, ka nisanci ƙurar alli ko da sun ce ka leƙa makaranta. Baiwar Allahn nan mai ɗinki kuma ka bar ta ta yi aikinta, kada ka je ka zauna mata a gaba kana kaɗa kai.

Maganar da ka roƙe ni kuwa, ba zan yi maka ƙarya ba. Ban roƙa maka murya ba, kuma a yanzu ba ita nake so Allah ya ba ka ba. Abin da nake roƙo daban ne.

Ga direban nan yana ta danna oda a waje, an kuma turo mini tulin zanen gado daga ɗakin haihuwa. Sai wani jiƙon.

Yayarka.

*

Zakara,

Ina gaishe ku duka. Mu nan lafiya.

Direban ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, kullum sai in fita in tare shi ya juya mini tafin hannu. Na kira ƙanwata ta ce jikinka da sauƙi, kana cin abinci, kana fita, amma da na ce me ya hana ka rubutu sai ta ce gara in tambaye ka da kaina. To ga shi na tambaya. An hana bakinka magana, hannun ma an hana shi ne?

Yayarka.

*

Yaya,

Na gaishe ki. Jiki da sauƙi, mun gode Allah. Ciwon da nake ji idan na haɗiyi abu ya tafi. Likita ya yarda in riƙa yin 'yan kalmomi a hankali a cikin gida, amma abin da yake fita ba za ki so ki ji shi ba, kamar ana jan buhu a kan siminti.

Tun da kin tambaya zan faɗa miki. Raina ne ya ɓaci. Na karanta takardarki ina dariya har na zo wurin da kika ce ba murya kike so Allah ya ba ni ba. Na ninke ta na sa a aljihu, na fito da ita na sake karantawa, ba ta canza ba.

A makon ne wani dattijon cocinmu ya zo duba ni. Ya zauna ya sha shayi, ya ce ai wani lokaci Ubangiji yakan karɓe wa mutum baiwa idan ta fara kumbura masa kai, ya ce in binciki zuciyata. Ina zaune ina kallonsa, ba bakin amsawa. Shi ban damu da shi sosai ba, kowa ya san shi da irin wannan ta'aziyya. Amma da naki ya zo a kan nasa, sai na ce ashe haka ake kallona. Ashe har Yayata tana ganin fahariya nake yi a gaban jama'a, shekara da shekaru, tana jira Allah ya sauke ni.

Ban bi maganarki ba, na je wurin koyon waƙar. Ban zauna a gaba ba dai, can baya na zauna kusa da buhunan simintin da suka rage. Mai ɗinkin ta iya, wannan ba zan ɓoye ba. Da suka zo wurin da ni zan ja, sai ta tsayar da su ta juyo ta kalle ni, ta ce a bar wurin haka nan ba kowa har Malam ya warke. Suka tsallake suka ci gaba. Wannan ramin da suka bari a tsakiyar waƙar ya fi mini ciwo a kan a ce wani ya rera.

Ga kuma abin da ban gaya wa kowa ba. Addu'a ta gagare ni. Ni duk rayuwata da baki nake yin ta, ina wanka ina rerawa, ina tafiya makaranta ina rerawa, idan na durƙusa ma sai na ji muryata kafin in san na fara. Yanzu in na rufe ido sai tunani ya kwashe ni zuwa kuɗin wuta da tayar keke. Da safe Maman yara ce take jan addu'ar gida, ni nawa ɗaga kai da sauke shi a wurin amin.

Shi ya sa na nemi ki roƙa a madadina. Idan kina ganin akwai laifin da nake yi, ki faɗa mini kai tsaye, kin isa. Amma kada ki bar ni da rabin magana.

Ƙaninki.

*

Ƙanena,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da kai. Lafiya muke. Yau ranar hutuna ce, ba direba a kaina, na zauna a teburin 'yata da biro mai kyau, don haka ka gyara zama.

Da farko dattijon nan naku, idan ya sake zuwa a ba shi shayin ba sukari. Ni ban taɓa ganin fahariya a waƙarka ba. Surutu dai na gani, wannan kam tun kana goye.

Ka ce na bar ka da rabin magana. Gaskiyarka. Amma kai ma rabi ka ba ni. Ka rubuto mini labarin cokali da kofi, ba ka gaya mini cewa abin da aka cire maka an aika da shi wani wuri a gwada a ga ko mugun ƙari ne ba. Ƙanwata ce ta kira ni daga barandar asibiti ranar da aka yi maka aikin, tana kuka a hankali don kada yara su ji. Kada ka yi mata faɗa. Ta ce ka hana a gaya mini don kada hankalina ya tashi.

Ka san dalilin da ya sa ka ɓoye mini, ni ma na sani. Da wannan kalmar aka fara mana a kan maigidana. Aka ce ɗan abu ne kaɗan, an ɗiba za a gwada. Ba mu sake ganin wata damina tare ba.

To ka ce ni in tsaya gaban Allah in roƙi waƙa? Bakina bai iya ba. Tun ranar da ta kira ni abu ɗaya nake faɗa, Ubangiji ka bar wa yaran nan ubansu. Ka bar shi ko da bebe ne, ya yi ta buga kofinsa har ya tsufa. Abin da na so in rubuta ke nan, sai na tuna ban kamata in nuna na sani ba, ga oda a waje, sai na yanke maganar a inda ta fi muni. Ka yi haƙuri.

Batun addu'ar da ta gagare ka, ni ba malama ba ce, amma zan gaya maka yadda nawa yake. Bayan rasuwar maigidana na daɗe ban iya durƙusawa ba. Ba fushi nake da Allah ba, kalmomin ne suka ƙare. Ina zuwa aiki dai, don dole a ci abinci. Ka san ɗakinmu, injinan wanki suna ruri, tururi ya cika ko'ina, ko ihu ka yi na kusa da kai ba ya ji. Wata rana ina gugar zanen gado na ɗakin yara, irin ƙananan nan, sai na ce a raina, wanda zai kwanta a kan wannan, ka duba shi. Na ninke na ɗauko wani na sake faɗa. Ban san su ba, ba zan taɓa ganinsu ba. Haka na yi ta yi har aka tashi, kuma ranar na koma gida da sauƙi a ƙirjina. Har yau haka nake yi. Ba a jin muryata a ɗakin nan, amma ban taɓa shakkar ana ji a inda ya kamata ba.

Kai ma ka nemi abin da hannunka yake taɓawa kullum ka fara daga nan. Idan tunani ya kai ka wurin tayar keke, to ka gaya wa Allah batun tayar, ai ya san da ita.

Da zarar sakamakon ya fito, kowane iri ne, ka sanar da ni. Ni ba yarinya ba ce.

Yayarka.

*

Yayata,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Maman yara ta ce ta riga ta kira ki, ta ce kin ajiye wayar a kan tebur ba ki kashe ba, tana jin kina ta faɗin na gode, na gode, ga ƙarar inji. Duk da haka ina so ki gani da rubutuna. Ba mugun ƙari ba ne. Likita ya ce gajiyar shekaru ce ta ihu a aji da jan waƙa ba hutu. Kowa lafiya a gida.

Takardarki ta sa na ji kunya, na kuma ji daɗi. Ni ina ta lissafin ranar buɗe coci don kada in tuna da ɗaya lissafin, ashe ke kin ɗauke shi kina kai wa Allah kullum. Ki yafe mini shirun da na yi.

Sauran labarin ba duka ne mai daɗi ba, amma ba na kuka da shi. Murya ta dawo, sai dai ba wadda ta tafi ba ce. Ta yi ƙasa, ta yi kauri, idan na daɗe ina magana sai ta fara yagewa. Likita bai ɓoye mini ba, ya ce magana za ta ƙara gyaruwa, amma hawa saman nan da nake yi in manta da shi. Na fito daga ofishinsa na zauna a benci na ɗan lokaci. Na jira baƙin ciki ya zo ya danne ni, ya zo kuwa, amma bai kai nauyin da na zata ba. Sai na tashi na saya wa yara burodi na tafi gida.

Na gwada shawararki da littattafan 'yan ajina. Da na koma aiki na tarar da tuli yana jirana. Kowane na buɗe zan duba, sai in ambaci mai shi a raina. Akwai wata yarinya da kullum take barci a aji, shekara guda ina yi mata tsawa. Da na riƙe littafinta na rasa me zan roƙa mata, don ban san komai a kanta ba. Washegari na kira ta na tambaye ta a hankali, tunda yanzu a hankalin kawai nake da shi. Ashe kakarta ce ba lafiya, ita take kula da ita kafin ta fito. Mun yi magana da shugaban makaranta, zumuntar matan cocinmu kuma sun fara leƙa tsohuwar. Ajin ma ya canza. Da yake ba na iya ɗaga murya, su suke yi wa junansu tsawa su yi shiru don su ji ni.

An buɗe ginin. Kafin ranar na je na sami mai ɗinkin a shagonta, tana tsakiyar yanka yadi, na ce ta ɗauki wurin nan nawa ta rera. Ta ce ba za ta iya ba, na ce ai na ji ta tana yi a ɓoye lokacin da take tattara kujeru. Ta rufe fuska da yadin tana dariya.

Ranar na tsaya a layin baya na mawaƙa, cikin maza masu muryar ƙasa, tsakanin mai gyaran famfo da wani tsohon direba. Shekara nawa ina tsaye a gabansu ina kaɗa musu hannu, ban taɓa sanin yadda waƙa take a wurinsu ba. Daga can ana jin kowa. Da ta ja wurin, Yaya, ta kai inda ni ban taɓa kaiwa ba, mu kuma muka riƙe mata daga ƙasa. Tsohon direban ya ɗan taka mini ƙafa don na shigo da wuri. Ni da na tsara waƙar!

Dattijon nan ya zo bayan sujada ya ce ya ga Allah ya ƙasƙantar da ni da kyau. Na ce masa amin, ya kuma tsaya yana jiran ƙari, ban ƙara ba.

Likita ya ce zan iya yin waya idan ba zan daɗe ba. Ki saurare ni cikin makon nan.

Ƙaninki.

*

Ƙanena,

Alheri da salama. Lafiya lau muke, jikoki suna gaida kakansu na nesa. Gwiwa ta ɗan matsa mini a makon nan, an ba ni man shafawa, da sauƙi.

Na san mun yi magana, amma akwai abin da ban iya faɗa maka a waya ba. Ka ce sai da ka yi ta cewa Yaya, Yaya, kina ji na, ka ɗauka layin ne ba kyau. Layin lafiyarsa ƙalau.

Ina tsakiyar guga wayar ta yi ƙara a aljihun rigar aikina. Na fita baranda inda ba ƙarar inji, na ɗauka ban duba suna ba. Sai na ji an ce, "Yaya, ina wuni." Ƙanena, muryar mahaifinka ce. Muryar Kawu sak, da kaurinta da 'yar tsagewar nan ta ƙarshe. Kai kana ƙarami ya rasu, ba lallai ka riƙe ta ba. Ni kuwa da ita na tashi tun da ya ɗauko ni ya haɗa da 'ya'yansa, da ita yake kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya a addu'ar safe, har da ni, bai taɓa tsallake ni ba. Na jingina da bango na kasa amsa maka.

Kuma da za mu rabu ka ce bari ka yi mini addu'a a kan gwiwar. Ka sha rera mini waƙa a waya har katinka ya ƙare, amma ba ka taɓa yi mini addu'a ba sai ranar. Gajeriya ce, muryar ma ta fara yagewa kafin ka kai amin, na ji ƙanwata daga nesa tana cewa ya isa haka. Ni dai ta ishe ni.

Da na koma ciki na tarar na bar dutsen guga a kan rigar matashi, ta ƙone har ta huje. Shugabarmu ta ɗaga ta tana leƙena ta cikin hujin, ta ce tun da ta san ni ban taɓa ƙona ko hankici ba, me ya faru? Na ce ƙanena ne ya kira. Ta ce lafiya dai? Na ce lafiya lau, gaishe ni kawai ya yi.

Na nemi hutu a wata mai zuwa, sun ba ni. Ka gaya wa mai gyaran famfo da tsohon direban su matsa maka da kyau, zan zauna a benci na kusa da layin baya, ta gefenku.

Yayarka.